Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin CAN, PFN, ECWA da TEKAN a kan masu wa'azin talabijin

Iyayenmu cikin Ubangiji,

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Ina gajiya, ina ɗawainiyar garke? Allah ya ƙara muku lafiya da hikima.

Ni dattijo ne a wata ƙaramar ikilisiya a nan Arewa. Na koyar a firamare har na yi ritaya, yanzu kuma ina riƙe da ajin manya a makarantar Lahadi. A tarbiyyar da aka yi mana, ɗa ba ya tsayawa a bainar jama'a ya yi wa ubansa magana, sai dai ya bi shi ɗaki. Da maganar nan ta ɗaki ce, da can na same ku. To amma ɓarnar a fili ake yin ta, a talabijin da kuma wayar da ke hannun kowa, Kirista da Musulmi, yaro da babba. Shi ya sa na rubuto a fili, ku yi mini haƙuri.

Matar yayana marigayi tana da ciwon suga. Shekara da shekaru tana shan maganinta, tana zuwa asibiti a duba jininta, tana noma 'yar gonarta, ba ta fashin zumuntar mata. Da jikanta ya ɗaura mata satalayit, sai ta shaƙu da wani mai wa'azi. Ba zan faɗi sunansa ba. Kullum da dare in an kawo wuta tana gaban akwatin, yaron yana fassara mata. Na taɓa shiga na tarar ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin talabijin, idonta a rufe, hawaye na zuba, lambar asusun banki kuma tana wucewa a ƙasan hoton. Mutumin yana ta ihu cewa akwai wata mata da ke kallonsa yanzu mai ciwon suga, Allah ya ce ta shuka iri a daren nan, wato ta aika kuɗi, ta kuma nuna bangaskiyarta a aikace. Ta sayar da akuya da buhun masara biyu ta aika. Ƙwayoyin maganin kuwa ta zuba su a masai, don a ganinta ajiye su a ɗaki alama ce ta shakka.

Ba mu sani ba sai bayan wata uku, da wani ɗan ƙaramin miki a yatsan ƙafarta ya ƙi warkewa. Ta rufe shi da tsumma tana shafa masa man zaitun da aka yi wa addu'a. Ranar da muka kai ta asibiti, wari ne ya fara sanar da likita abin da ke ƙarƙashin tsumman. An yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Abin da ya fi yankan ƙafar ci mini rai shi ne maganar da ta yi mini a gadon asibiti. Ta kama hannuna ta ce, “Baba, laifina ne, bangaskiyata ce ba ta kai ba.” Matar da ta binne miji da 'ya'ya biyu ba ta taɓa juya wa Allah baya ba, yau an sa ta tana tuhumar kanta. Kuɗin ya tafi, ƙafar ta tafi, an kuma bar ta da nauyin zunubin da ba ta yi ba. Wanda ya karɓi kuɗin bai ma san tana duniya ba.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Na gaskata Allah yana warkarwa, na ga ya yi, ina kuma addu'a a kan marasa lafiya kamar yadda wasiƙar Yakubu ta umarce mu. 'Yan'uwanmu na Fentikos 'yan'uwa ne, kuma akwai masu wa'azi a rediyo da talabijin da suke riƙe da gaskiya tsakani da Allah. Mu da muka taso da shirye-shiryen Hausa na Rediyo ELWA da Muryar Bishara mun san albarkar da ke cikin wa'azin da iska ke ɗauka zuwa ƙauyen da fasto bai taɓa takawa ba. Kukana a kan wani iri ne na koyarwa, wanda ya mai da addu'a haja, ya mai da annabci tallar kasuwa, ya kuma mai da asibiti abokin gābar bangaskiya.

Wannan iri ba a ƙasar nan aka fara shuka shi ba, kuma tarihinsa a rubuce yake. A Amurka, cikin Janairun 1987, Oral Roberts ya gaya wa masu kallonsa cewa in ba a tara masa dala miliyan 8 kafin ƙarshen Maris ba, Allah zai ɗauki ransa. Kuɗin suka taru. Shekara guda kafin haka, a 1986, aka tona asirin Peter Popoff, wanda yake tsayawa cikin taro yana kiran sunayen mutane da cututtukansu da adireshin gidajensu, yana cewa Ruhu ne ke gaya masa. Ashe matarsa ce ke karanto masa ta wani ɗan rediyo da ya maƙala a kunne, daga takardun roƙon addu'a da mutanen suka cike da hannunsu kafin su shiga. Ya karye a 1987, amma bayan wasu shekaru ya dawo talabijin yana tallar ruwan al'ajibi. Jim Bakker kuwa kotu ta same shi da laifin zamba a 1989, ta yanke masa shekara 45, daga baya aka rage, ya fito a 1994. A 2020 sai ga shi jihar Missouri ta maka shi a kotu saboda tallar wani ruwan azurfa a shirinsa a matsayin maganin korona. Ku duba yadda suke komawa. Muddin akwai mai ciwo da ya rasa mafita, kasuwar ba ta mutuwa.

Mu kuma a Afirka muka karɓa muka ƙara gishiri. A Afirka ta Kudu an ga fasto ya sa mabiyansa cin ciyawa a 2014. An ga wani yana fesa wa mutane maganin ƙwari a fuska a 2016 da sunan warkarwa, har kotu ta same shi da laifi. A Kenya, daga Afrilun 2023, an tono gawawwaki sama da 400 a dajin Shakahola, da yawansu yara, na mabiyan Paul Mackenzie da ake tuhuma da umartarsu su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. Mutumin nan bai ɓoye koyarwarsa ba, wa'azinsa yana nan a bidiyo shekaru kafin a fara tonon kabari, yana hana karatun boko da zuwa asibiti.

A gida ma ba sai an tuna muku ba. A ranar 12 ga Satumban 2014 masaukin baƙi na majami'ar T.B. Joshua a Legas ya rufta, mutum 116 suka mutu, akasarinsu 'yan Afirka ta Kudu. Shi ya ɗora abin a kan wani jirgin sama da ya yi ta shawagi, binciken kotu kuwa ya ce ginin ne ba shi da inganci. Ya yi annabcin mace za ta ci zaɓen Amurka a 2016, ba ta ci ba. Ya ce korona za ta gushe a ranar 27 ga Maris 2020, ba ta gushe ba. A Janairun 2024, bayan rasuwarsa, BBC ta fitar da bincike inda tsofaffin almajiransa da dama suka yi zargin fyaɗe da azabtarwa da shirya mu'ujizan ƙarya. Majami'ar ta ce zarge-zarge marasa tushe a kansa ba sabon abu ba ne. Na san PFN, ƙungiyar majami'un Fentikos ta ƙasa, ba ta taɓa karɓarsa cikinta ba, kuma wannan abin yabo ne. Amma tsohuwa a ƙauyenmu ba ta san wane ne ɗan ƙungiya, wane ne ba ɗan ƙungiya ba. Ita dai ta ga mai riƙe da Littafi Mai Tsarki yana kiran sunan Yesu.

Da Fasto Chris Oyakhilome ya danganta korona da fasahar 5G a tasharsa, hukumar Ofcom mai kula da kafafen yaɗa labarai a Birtaniya ce ta tsawata wa tashar a Mayun 2020, ta kuma ci ta tarar fam 125,000 a 2021 saboda wasu maganganun da ta sake yaɗawa a kan cutar. Na yi ta tambayar kaina, me ya sa sai hukumar gwamnati a wata ƙasa za ta fi mu ƙarfin murya a kan abin da ake faɗa da sunan Ubangijinmu? A lokacin nan muna fama da mutanenmu su yarda su wanke hannu, su karɓi rigakafi, su kuwa suna nuna mana bidiyo a waya suna cewa ai bawan Allah ya faɗa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya shafe mu mu na Arewa musamman, wato sunan da muke da shi a idon maƙwabta.

Ina da maƙwabci Musulmi, tela ne, mun fi shekara ashirin muna gaisawa ta kan katanga. Yana aiko mini da naman layya, ina aika masa da shinkafar Kirsimeti. Wata rana da yamma ina zaune a bencin shagonsa ya miƙo mini waya. Bidiyon nan ne na Fasto Alph Lukau na Fabrairun 2019, inda wani mutum sanye da fararen kaya ya tashi zaune cikin akwatin gawa, baki a buɗe, jama'a na sowa. Kamfanonin jana'izar da aka yi amfani da motarsu da akwatinsu sun fito sun ce yaudararsu aka yi, duniya kuma ta yi ta dariya. Maƙwabcina bai yi dariya ba. Ya ce, “Malam, tsakani da Allah, haka kuke yi a coci?” Na ce masa a'a. Ya ce, “To me ya sa manyanku ba sa hanawa?” Na rasa abin da zan ce masa. Ita ce tambayar da na kawo muku yau.

Mutumin nan, a asibitin ido na ECWA da ke Kano aka cire wa mahaifinsa yanar ido. Shi da bakinsa ya ba ni labari tun farkon zamanmu, yana cewa 'yan mishan ba su tambayi tsohon addininsa ba kafin su duba shi. Wannan ita ce fuskar bishara da Arewa ta sani. Asibitin nan yana aiki tun 1943. Ga na Vom, ga na Wusasa, ga aikin kutare a Garkida, ga na Galmi a Nijar da aka buɗe a 1950 wanda har yau mutane ke tsallaka iyaka su je, ga sashen masu yoyon fitsari a Jos inda matan da mazajensu suka guje su suke samun gyara. 'Yan mishan Walter Gowans da Thomas Kent sun iso Legas tare da Rowland Bingham a ƙarshen 1893, kafin ƙarshen 1894 su biyun sun mutu da ciwo, ɗaya a Girku ɗaya a Bida. Iyayenmu masu bishara na ƙauye sun bi sawunsu a ƙafa da keke, suna noma abincinsu da kansu, suna koya wa mutane karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. A wasu garuruwan, in ana neman mai riƙon amanar kuɗin gayya ko ma'ajin ƙungiyar manoma, sai a ce a ba ɗan mishan, ba ya ci. Fiye da shekara ɗari aka yi ana tara wannan suna da gumi da kaburbura. Yau bidiyon minti biyu yana zubar da shi. Harafin farko na sunan ECWA bishara yake nufi, amma ku tambayi matashin da ke riƙe da waya me yake gani in an ce mai bishara. Zai ce muku mai kwat da jirgin sama, mai tura mutane su faɗi ƙasa.

Kuma mu ne muke biyan bashin. Mai tasha a Legas ko a ƙetare yana iya faɗin abin da ya ga dama ya shiga motarsa. Mu da muke kasuwa ɗaya da rijiya ɗaya da Musulmi, mu za a tambaya. Waɗanda suka ga Oktoban 1991 a Kano, lokacin da aka shirya taron wa'azin Reinhard Bonnke tarzoma ta ɓarke, sun san abin da nake nufi. Alhakin jinin da aka zubar yana wuyan waɗanda suka zubar da shi, ba na rage musu ko ƙwayar zarra. Amma baƙo ya tafi, 'yan gida suka zauna da gawawwaki da tokar shaguna. A wurin da zama yake da laushi haka, kowace kalma da aka faɗa da sunan Yesu tana da nauyi, kuma kowace ƙarya da aka kama tana rufe mana ƙofar da iyayenmu suka sha wuya kafin a buɗe musu.

Abin ya ma daina zama na nesa. Yaranmu sun kalla sun koya. Yanzu a unguwanninmu za ka ga saurayin da bai gama ajin baftisma ba ya kama shago, ya sayi lasifika, ya ba kansa sunan annabi, yana wa'azi da Hausa a Facebook da TikTok. Yana gaya wa matar da ba ta haihu ba cewa uwar mijinta ce ta ɗaure mata mahaifa. Yana nuna tsohuwa ya ce mayya ce. Gidaje nawa wannan ya raba? Fastocinku na karkara sun sani, su ne ake tasa da tsakar dare a je a raba faɗa. Su kuma da albashinsu ba ya kai su ƙarshen wata, suna kallon 'yan majami'arsu suna kwashe zakka da baiko suna aika wa wanda bai taɓa zuwa jana'izar kowa a garin ba. Wasunsu har sun fara kwaikwayo don kada benci ya zama wayam. Wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Ba sai na koya muku Nassi ba, ku kuka koya mana. Ku kuka karanta mana yadda Bitrus ya tsawata wa Siman mai sihiri da ya so sayen baiwar Allah da kuɗi, da yadda Elisha ya ƙi karɓar kyautar Na'aman, Gehazi ya bi ta baya ya karɓa ya kwashi kuturta. Ku kuka nuna mana cewa Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙaya ba a cire ba, ya bar Tarofimas da rashin lafiya a Militas, ya kira Luka ƙaunataccen likita. Attaura ta ce annabin da ya faɗi abu da sunan Ubangiji bai faru ba, ba Ubangiji ne ya aiko shi ba. Duk shekara a daren 31 ga Disamba ana zubo annabce-annabce a kan zaɓe da mutuwar manya, wa yake komawa ya auna su da wannan ma'auni? Ɗanmu Byang Kato na Kwoi, wanda ya riƙe sakatarcin ECWA sannan ya jagoranci ƙungiyar masu bishara ta Afirka har rasuwarsa a 1975, ransa duka a kan wannan ya ƙare, cewa Maganar Allah ce za ta auna kowace koyarwa. Taron masu bishara na duniya, wato taron Lausanne, da aka yi a Cape Town a 2010, inda wakilai kusan 4,000 daga ƙasashe 198 suka hallara, ya fito fili ya ƙi koyarwar da ke cewa arziki da lafiya haƙƙi ne da ake saya da shuka iri. Malaman Afirka ne suka share fagen wannan matsaya a zaman da suka yi a Akropong ta Gana. Matsayar tana nan a takarda da Turanci. Ba ta iso bencin zumuntar mata ba.

Na san abin da ke ɗaure muku hannu. Kiristan Arewa yana cikin wuta, ana kashe mu, ana sace mu, ana ƙona majami'u, kuma kuna ganin ba lokacin da za mu nuna wa juna yatsa ba ne a gaban duniya. Na fahimta, ni ma na binne nawa. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Da gwamnati ta kawo dokar CAMA ta rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi a 2020, CAN ta tashi tsaye ta ce ba za a sa wa ikilisiya hannu a aljihu ba, kowa ya ji muryarku. Haka a Janairun 2017 da aka dakatar da ƙa'idar hukumar kula da rahoton kuɗi da ta shafi majami'u, bayan hayaniyar da ta tashi. To in mun ce Kaisar ya tsaya a waje, wajibi ne mu share ɗakin da kanmu. Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin a ƙasar nan ta taɓa hana nuna mu'ujizan da ba a tabbatar ba a 2004, satalayit da intanet suka zagaye ta. A Ruwanda gwamnati ta rufe ɗaruruwan majami'u a Kigali a 2018, ta kuma sa dokar sai mai shaidar karatun tauhidi zai yi limanci. Gemun ɗan'uwa ya riga ya kama wuta. Masu bishara na Amurka ma sai da suka kafa majalisar ECFA a 1979 don ƙungiyoyinsu su riƙa buɗe littafin kuɗinsu ana dubawa, Billy Graham kuwa tun 1948 shi da abokan aikinsa suka yi alkawarin ba za su dogara da baikon taro ba, ba kuma za su ƙara wa yawan mahalarta gishiri ba.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ku rubuta wasiƙar makiyaya guda, da Hausa da sauran harsunanmu, a karanta ta daga kan bagade a kowace majami'a da ke ƙarƙashinku, a kuma sa ta a rediyo inda maƙwabcina zai ji. Ku faɗa a cikinta, ba tare da kwana-kwana ba, cewa shan magani ba rashin bangaskiya ba ne, kuma duk wanda ya ce wa mai ciwon suga ko hawan jini ko mai shan maganin ƙanjamau ya daina, ba da yawunku ya faɗa ba. Ku faɗa cewa ba a sayar da addu'a, ko a kwalba ko a hankici. In wani cikin 'yan ƙungiyarku ya yi annabci a fili ya faɗi ƙasa, ku kira shi, ya fito a filin da ya yi maganar ya ce ya yi kuskure. Wanda kuma yake neman kuɗin jama'a ta talabijin, ku sa masa sharaɗin nuna inda kuɗin ke zuwa kafin ya zauna a teburinku ko ya hau dandalin taronku, domin hoton da yake ɗauka da ku shi ne jarinsa. Sannan ku dubi fastocin karkara, ku ƙarfafa su da koyarwa da abin sakawa a baki, don su iya tsayawa ba tare da sun kwaikwayi kowa ba.

Matar yayana ta dawo gida, tana tafiya da sanda, mata na zuwa suna ɗauke ta zuwa sujada. Ta koma shan maganinta, amma duk sanda za ta haɗiya sai ta ce Allah ya gafarta mata. Na gaya mata ba zunubi ba ne, fastonmu ma ya gaya mata. Ta ce mu ƙanana ne, shi wancan duniya duka ke kallonsa. In kun rubuta wasiƙar, ni da kaina zan kai mata har ɗaki in karanta mata, da sunayenku a ƙasa.

Naku cikin Almasihu,
Wani dattijon ikilisiya daga Arewa